Sunaye Dubu Biyar a Akwatin Keken Ɗinki

7 ga Yuli, 1991

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Ludka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Iwona da mijinta da jaririn da har yau ban gani ba sai a hoto. Yaya ƙafar taki? Kin ce likitan Chicago ya hana ki hawa bene, ni kuwa na san ki, ba ji za ki yi ba. Ƙunshin da kika aiko ya iso. Gahawar ta yi daɗi, takalman sun yi mini yawa amma na cusa auduga. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ce "mu", na kuma san kalmar ba ta yi miki daɗi. Kina tambayar lafiyar kowa a wasiƙunki, har kyanwar maƙwabciyata, mijina kawai kike tsallakewa. To, Lucjan yana lafiya. Wannan karon sai dai ki daure, domin labarin nasa ne.

Ya shiga jam'iyya. Kar ki yi dariya. Tun da gwamnatin kwaminis ta faɗi, duk mutum uku da suka sami tebur da hatimi sun zama jam'iyya a ƙasar nan, har ta mashaya giya akwai. Tasu sunanta Haɗakar Ƙananan Garuruwa, watanta huɗu a duniya. Shugabanta a garinmu Dokta Anatol ne, likitan dabbobin nan da ya taɓa zare wa saniyar Mama waya a maƙogwaro. Ofishinsu ɗakin bayan tsohon shagon madara ne, har yanzu yana tsami.

Ga inda maganar take. Kafin jam'iyya ta tsaya zaɓen Oktoba a yankinmu, sai ta kai wa ofishin zaɓe sunayen mutum dubu biyar, kowa da adireshinsa, da lambar katin shaidarsa, da sa hannunsa. Wa'adin kai su farkon Satumba ne. Ranar taronsu Dokta ya miƙe ya ce Lucjan ne zai riƙe takardun. An ce mini wani daga bayan ɗakin ya ce, "Lucjan kuma? Takardar sunaye? Dokta, ko ka sha wani abu ne yau?" Dokta ya ce ya san mutum kamar yadda ya san doki, shi ya yarda da shi.

Kin san abin da suke nufi, kin ma fi kowa sani. A sanyin 1981, da sojoji suka karɓi ƙasa, takardar sunayen 'yan ƙungiyar ma'aikata, wadda Lucjan ke riƙe da ita, ta faɗa hannun 'yan sandan ciki. Aka kama mutum goma sha biyu, har da mijinki Witold da Lucjan. Sauran sun yi shekara a tsare, shi Lucjan aka sako shi bayan mako uku. Tun daga ranar, in ya zauna a coci sai bencin ya yi masa faɗi. Ba wanda ya taɓa ce masa maci amana a ido. Sun bar shi yana ji a jikinsa ne kawai, shekara goma.

Da ya dawo daga taron nan, Yaya, fuskarsa kamar ta ranar aurenmu. Ya ajiye takardun a kan tebur ya ce, "Mirka, in na kai sunayen nan cif, ba wanda ya ɓata, bakin kowa ya mutu." Na ce masa ya fara cire takalmi, yanzu na goge ƙasa. Ni ba na son takarda mai sunayen mutane ta kwana a gidana, ko da ta masu sayen kifin Kirsimeti ce.

Na ba shi akwatin keken ɗinkina, a nan yake zuba su. Ki gaishe mini da Iwona, ki sumbaci jaririn a madadina. Allah ya tsare mini ke.

Taki ƙanwa,
Mirka


4 ga Agusta, 1991

Yayata Ludka,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma fatan zafin can bai takura miki ba. Yaya ƙafa, yaya aikin? Wasiƙarki ta zo jiya. Na karanta shafi uku a kan haƙoran jariri, sannan layi ɗaya a ƙasa: "Ki ce masa ya kula da takardu wannan karon." Ban faɗa masa ba, ba kuma zan faɗa ba. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Muna da suna dubu huɗu da ɗari ɗaya. Na ce "muna" saboda ni ma na shiga, duk da bakina. Ranar kasuwa muna kafa tebur kusa da masu sayar da kokwamba, shi yana bayani, ni ina riƙe da biro. Da kin ga yadda mutanenmu ke sa hannu, da kin yi dariya, daga baya ki daina. Mutum zai zo ya tsaya, ya duba hagu da dama, ya tambayi kuɗin kokwamba, sannan ya sunkuya da sauri kamar mai ɗaukar abin da ba nasa ba. Wani direban bas ya sa hannu da hagu don kar a gane rubutunsa. Na ce masa, "Kai, ga lambar katinka a gefe, hagun na mene ne?" Ya ce sabo ne.

Tsohuwa Pani Genowefa, mai wanke bagadin coci, ta riƙe biron ta daɗe. Ta ce, "'Yar nan, wa zai karanta?" Lucjan ya ce ofishin zaɓe kawai. Ta ce, "Bayan su fa?" Ya dafa ƙirji ya ce, "Pani, zamanin nan ya wuce. Yanzu da rana tsaka muke rubuta sunayenmu. Ni ne a kansu, da raina." Ta dube shi, ta dube ni, ta sa hannu. Washegari mutum bakwai suka zo har gida a goge su, wai matansu sun hana su barci.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne Pan Gerard. Kin tuna shi, dogon nan mai farin gashi, ɗan sandan cikin da ya zo binciken gidanmu a wancan sanyin. Bai je ko'ina ba. Ya yi ritaya, ya buɗe shagon canjin kuɗi a bakin kasuwa, yana zuwa coci da sabuwar hula. Ranar Alhamis ya zo teburinmu, ya cire hular, ya kama hannuna ya sumbata kamar a gidan biki. Ya ce, "Pani Mirka, shekaru ba sa taɓa ki. Ni ma ɗan ƙaramin gari ne, ko ba a so na?"

Doka ba ta hana shi ba, Lucjan ya miƙa masa takarda. Bai sa hannu nan take ba. Ya ɗora yatsa a saman shafin, ya riƙa saukowa da shi a hankali, suna bayan suna, leɓensa yana motsi. Da ya kai ƙasa ya rubuta nasa da kyakkyawan rubutu, ya ce, "Aiki mai tsabta. A zamaninmu sai mu yi shekara biyu ba mu haɗa irin wannan ba." Ya yi dariya, Lucjan ma ya yi, don ya nuna ba ya tsoro. Ni na je bayan rumfa na wanke hannuna da ruwan kokwamba.

Sojojin Rasha kuma suna nan a barikinsu na bayan layin dogo. Kullum a rediyo ana cewa za su tafi, kullum muna ganin wankinsu a kan igiya. Suna sayar da fetur da huluna ta kan katanga, yara suna saya. Lucjan ya ce tsoro ne ya zame mini ciwo, kamar ƙafarki. Wataƙila haka ne. Amma duk safiya kafin in ɗora ruwan shayi sai na buɗe akwatin keken nan na duba.

Ki riƙa sa mu a addu'a, ko da ni kaɗai ce. Ina kewarki ƙwarai.

Ƙanwarki,
Mirka


19 ga Agusta, 1991

Yaya,

Ina fata kina lafiya, ke da yara. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa da munin rubutu, sauri nake yi. Ban san ko wasiƙar nan za ta fita ƙasar ba.

Kin ji a can kafin mu, na sani. Da safe rediyo ya ce masu tsohon ra'ayi sun ƙwace mulki a Moscow, tankoki suna kan titi. Lucjan bai ji ba, ya hau bas ɗin farko zuwa ƙauyuka neman sauran sunaye, saura ɗari uku mu cika. Na fita sayen burodi na tarar da layi har kwana, irin na da. Kowa yana sayen gari, sukari, ashana, gishiri. An rufe ƙofar barikin Rasha, ana jin injinan motoci suna ta kuka daga ciki, ba wadda ta fito. Direban bas ɗin nan mai sa hannu da hagu ya wuce ni a layi bai gaishe ni ba, sai da ya yi gaba ya juyo ya dube ni.

Wajen sha ɗaya ina kwashe shanya a tsakar gida, sai ga Pan Gerard a bakin shinge. Bai taɓa biyowa ta layinmu ba tun wancan karon. Ya cire hula ya ce, "Pani Mirka, gara da kika kwashe, hadari na haɗowa daga gabas." Sama kuwa tas take. Ya ce, "Maigidan ba ya nan? Ki gaishe shi. Ki ce masa ya adana aikin nan da kyau, za a buƙace shi." Ya mayar da hularsa ya tafi a hankali.

Na shiga gida na kulle ƙofa. Yanzu zan faɗa miki abin da ya kamata in faɗa tun kafin ki hau jirgi, tun kafin Witold ya rasu a hannunki a ƙasar mutane da ƙodar da suka lalata masa a tsare.

Ba Lucjan ne ya ba da takardar 1981 ba. Ranar da sojoji suka fito, zai tafi masana'anta wajen yajin aiki, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, "Mirka, takardar nan, ki sa ta a murhu yanzu." Na ce to. Ban sa ba. Ni na buga ta da hannuna, kwana uku ina yi, sai na ga ai abin ba zai wuce mako ba, za su neme ta su rasa. Kin san ni da ajiya, ko igiyar ƙunshi ba na yarwa. Na naɗe ta na tura cikin gwangwanin garin alkama, ina jin na fi kowa wayo. Bayan kwana biyu da hantsi Gerard ya zo da mutum uku. Bai ko taɓa katifa ba, kicin ya nufa, ya zazzage garin a kan tebur. Sun saki Lucjan da wuri da gangan ne, don mutanen gari su cinye shi da kansu. Da ya fito na faɗa masa. Ya ce in rufe bakina, shi namiji ne, zai iya ɗauka, ni kuma in kika ji ba ni da 'yar'uwa kuma. Na rufe, Yaya. Na ji daɗin rufewa ma, wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

To yau na tsaya a kicin ɗin nan dai, akwatin keke a gabana. Suna dubu huɗu da ɗari bakwai, da adireshi, da lamba, da sa hannu. Ba sai an yi bincike ba, a bi gida-gida kawai. Na tuna Pani Genowefa tana tambaya wa zai karanta.

Hayaƙi a zafin watan Agusta, da ba mai hura murhu, yana jawo ido, don haka na yi yadda muke yi a da. Na fere tuffa cike da babbar tukunya kamar mai dafa na ajiyar sanyi, na hura murhun kwal, na buɗe taga ƙamshin ya fita. Na riƙa sa takardun goma-goma, ina juya tokar da ƙarfe don kar rubutu ya rage. Awa biyu na yi. Maƙwabciya ta leƙo ta ce tuffar bana ta yi zaƙi kuwa, na ce ƙwarai.

Yanzu ƙarfe huɗu. Bas ɗinsa yana isowa biyar da rabi. Ban yi nadama ba, tsoro kawai nake ji. In an rufe iyaka kika daina ji daga gare mu, ki sani wannan karon na yi abin da aka ce in yi a wancan sanyin.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mirka


9 ga Satumba, 1991

Zuwa ga Yayata Ludka,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta Iwona da jariri, ko da yake ban sani ba ko har yanzu ina da izinin tambaya. Mako uku ke nan, ba amsa. Na lissafa kwanakin gidan waya, na san wasiƙata ta isa.

Kin ga yadda abin ya ƙare. Kwana uku kacal. Ranar Laraba tankokin suka juya, masu juyin mulkin suka watse, ranar Alhamis sojojin barikinmu suka koma sayar da huluna. Duniya duka tana murna. Ni ina zaune da kwalabe goma sha tara na dafaffiyar tuffa.

Ranar da Lucjan ya dawo, ya shigo da sunaye ɗari biyu da sittin a jakarsa, yana fara'a, don a bas ne ma ya ji labarin bai ɗauke shi da zafi ba. Ya buɗe akwatin. Ya dubi murhu, ya dube ni. Na shirya ya yi ihu, ko ya mare ni, wallahi da na fi so. Sai ya zauna a kan kujera da jakar a cinyarsa, ya ce, "Da ina gida, ban san abin da zan yi ba ni ma." Washegari tun ban tashi ba ya je wurin Dokta Anatol ya ce shi ya ƙone su.

Sun gwada sake tarawa. Wa zai sa hannu? Mutanen da suka yi layin gishiri ranar Litinin, su ne ranar Juma'a suke cewa su dama sun san ba abin da zai faru. A mako biyu aka sami suna ɗari shida. Wa'adi ya wuce, jam'iyyar ba ta shiga zaɓe a yankinmu ba. Magana kuma ta bazu cewa ba ƙonewa aka yi ba, miƙawa aka yi, domin an ga Gerard a bakin shingenmu ranar.

Jiya Lahadi bayan coci suka yi taro a zauren 'yan kwana-kwana. Na je, na zauna a baya. Wanda ya tambayi Dokta ko ya sha wani abu, shi ya fara. Ya ce, "Sau biyu, jama'a! Sau ɗaya a ce tsautsayi. Lucjan, nawa suke biyanka, ko kyauta kake yi don sabo?" Lucjan yana zaune yana kallon hannuwansa. Dokta ko ɗaga kai bai yi ba.

Na miƙe, Yaya. Na faɗi komai, gwangwanin gari, tuffa, murhu, duka biyun, da ƙarfi yadda na baya da na gaba za su ji. Na ce shekara goma kuna tofa wa mutumin da bai yi komai ba, ga wadda ta yi a gabanku. Na gama na tsaya ina jiran su taso mini.

Sai wani ya yi tafi. Mai gyaran agogo ya ce, "Zauna, Pani Mirka, zauna. Mace ta gari ke nan. Da tawa ce, da tuni ta jefo mini kayana ta taga." Aka yi dariya. Pani Genowefa ta jawo ni ta zaunar, tana shafa mini baya, tana cewa, "Ya isa, 'yar nan, kar ki ɗauki zunubin wani, Allah yana gani." Na rantse da kabarin Mama, suka ce kaico, dubi yadda ya mayar da ita. Aka ɗaga hannu aka kori Lucjan daga jam'iyyar. Bayan minti goma aka sake ɗaga hannu aka rushe reshen gaba ɗaya, aka yi gardama a kan wa zai ɗauki kujerun. Na ji shugabannin jam'iyyar na Warsaw ma sun rabu gida biyu.

Da muka fito, Gerard yana tsaye a ƙetaren titi yana cin askirim. Ya bari Lucjan ya yi gaba, sannan ya matso ya ce mini a hankali, "Abin tausayi. Ni da na zazzage garin alkamar nan da hannuna, na san gaskiya kika faɗa. In kina so, sai in shiga in shaida masa." Yana murmushi. Ya sani, na sani, in bakinsa ya wanke Lucjan, an gama binne shi ke nan.

Yau da safe na kankare abin da aka rubuta mana a ƙofa kafin ya gani, amma fentin ya bar alama. Ba ya cin abinci. Ba ya yi mini faɗa, yana ma gode mini in na miƙa masa shayi. Da la'asar yakan sa rigarsa ta coci ya fita, ya bi gefen layin dogo shi kaɗai, ya tsaya wajen gada har jirgin ƙarfe biyar ya wuce. Ina bin sa daga nesa. Kullum sai na ga kamar ya ƙara matsawa kusa da layin.

Saura ke. Ke ce matar Witold, duk garin nan ba wanda zai ce kina kare Lucjan. In kika rubuto wa Dokta da hannunki, ko limamin coci ya karanta ranar Lahadi, za su saurara. Na san abin da nake roƙo. Ina roƙon ki zauna ki rubuta cewa ƙanwarki, wadda kika goya, ita ta tura mijinki inda aka kashe masa ƙoda, ta kuma karɓi gahawarki shekara da shekaru ba ta ce uffan ba.

Ba gafara nake nema ba, kar ki wahalar da kanki. Ki tsane ni yadda kike so, kina da gaskiya. Ki dai yarda ni ce, Yaya, ki kuma yi sauri.

Ina gaishe ki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba.

Ƙanwarki,
Mirka, ko da cikakken sunana, Miroslawa